Yabon 'Yar Fari

Ban taɓa mantawa da ranar da aka gayyaci iyayen 'yan aji uku a wata makarantar sakandare ta gwamnati da ke unguwar Plumstead a London ba, kuma har yau in na tuna sai raina ya ɓaci kamar jiya aka yi. Ku da kuka fara aikin ba ɗalibai shawara kan darussan da za su ɗauka, kun sha yin gulmata cewa Hajiya tana da zafi idan an zo rabon yara zuwa ajin kimiyya da na kasuwanci. Na ji, kuma ban musa ba. Ga inda zafin ya samo asali.

A tsakiyar shekarun saba'in ne, lokacin da kuɗin mai ya fara zuba, gwamnati tana ta tura ma'aikata ƙarin ilimi ƙasar waje. Mijina likita ne, an tura shi London, na bi shi. Na yi horon koyarwa a can, sannan na samu aiki a waccan makarantar ina koyar da kimiyya. Ni ce mafi ƙanƙantar muƙami a sashenmu, domin ina cikin shekarar gwaji, wato shekarar da ake sa wa sabon malami ido kafin a tabbatar da shi. Ni kaɗai ce baƙar fata a ɗakin malamai.

Bari in bayyana yadda tsarin yake. Yaro yana shiga sakandare yana ɗan shekara goma sha ɗaya, kowa yana yin darussa iri ɗaya har aji uku. A ƙarshen aji uku sai a raba su hanya uku. Akwai hanyar kimiyya, wadda take kai yaro ga jarrabawar O-level, daga nan ya wuce manyan azuzuwa, ya nemi jami'a. Akwai hanyar kasuwanci, inda ake koyon buga tafireta da aikin ofis. Akwai kuma hanyar sana'ar hannu, kafinta da aikin ƙarfe ga maza, girki da ɗinki ga mata. 'Yan hanya ta biyu da ta uku ƙaramar jarrabawa suke yi mai suna CSE. A baki ana cewa yaro da iyayensa ne suke zaɓa, amma shugaban aji uku ne yake yanke hukunci, kuma in ya yanke babu komawa. Wanda bai shiga kimiyya a aji huɗu ba, ya yi bankwana da likitanci yana ɗan shekara goma sha huɗu.

Shugaban aji uku a lokacin wani ne Mista Pollard. Dattijo ne mai sanyin murya, ba ya ɗaga wa kowa harshe. Irin mutanen nan ne da za su yanka ka suna tambayarka ko za ka sha shayi.

A ajina akwai wata yarinya Safiya, 'yar Malam Garba, ma'aikacin ma'aikatar ayyuka da aka turo kwas na awon ƙasa. Tun tana firamare suka zo. Shiru-shiru ce, amma in aka zo gwaji ba ta da na biyu. Ranar da na kawo zuciyar tunkiya daga mahauta don mu yanka mu duba cikinta, rabin ajin suka toshe hanci suka ja da baya, har da mazan da suke cika baki. Safiya ta naɗe hannun riga, ta karɓi wuƙa, ta buɗe zuciyar a hankali, ta sa yatsa ta bi hanyar da jini yake shiga da inda yake fita. Na tambaye ta me take so ta zama. Ta ce likita, ta faɗa ƙasa-ƙasa kamar ta saci kalmar.

Ranar iyaye, an jera tebura a babban ɗakin taro, nawa yana kusa da na Mista Pollard, don haka duk abin da aka faɗa a wurinsa ina ji. Wani Bature direban babbar mota ya zo da ɗansa Terry, wanda shi ma ɗan ajina ne, yaro mai matsakaicin ƙoƙari. Mista Pollard ya tambaye shi yadda yake ganin ɗan nasa. Uban ya dafa kan yaron ya ce, "Wannan ragon? Ai kansa ba komai sai ƙwallo." Suka yi dariya su duka. Mista Pollard ya ce, "Kada ka damu, ajin kimiyya zai gyara masa zama."

Bayan su sai ga Malam Garba, Safiya tana biye da shi. Ya gaisa cikin ladabi, Turancinsa kuwa tsaf, ba ya buƙatar tafinta. Mista Pollard ya yi masa irin tambayar da ya yi wa wancan.

Malam Garba ya ce, "Yarinya ce, ba ta san komai ba sai abin da kuka koya mata. Ku ne malamai. Duk inda kuka ga ya dace da ita, ku sa ta."

Mista Pollard ya juya ga Safiya ya ce, "Ke fa? Kina ganin za ki iya kimiyya?"

Ta sunkuyar da kai. Mista Pollard ya gyaɗa kai ya yi ɗan rubutu, ya yi musu godiya.

Ni da na ji, murmushi na yi, domin na san gida. Safiya 'yar fari ce. A wajenmu uba ba ya yabon ɗan fari, ba ya kiran sunansa, ba ya nuna ya damu da shi a gaban mutane. Kunya ce, kuma akwai tsoron baki. Malam Garba abin da ubansa ya yi ranar da ya kai shi wurin malamin allo shi ya maimaita, wato ga yaro nan, nama naku, ƙashi namu. Duk wani malamin ƙasarmu da ya ji wannan magana ya san amana aka ba shi. Sannan wace 'yar mutunci ce za ta ɗaga kai a gaban ubanta ta ce wa baƙo ita gwana ce? Ko makaho ya ji yadda muryar mutumin nan take ya san yana ji da 'yarsa.

Da aka sanar da rabon, Terry yana ajin kimiyya, Safiya tana ajin tafireta.

Ban tsaya neman izini ba, na tafi ofishin Mista Pollard. Na ce masa kuskure aka yi, yarinyar nan ita ce ta ɗaya a ajina, malamin lissafi ma zai shaida.

Ya ce, "Na ga sakamakonta. Amma sakamako ba shi kaɗai muke dubawa ba. Hanyar kimiyya tana da wuya, sai yaron da gida yake goyon bayansa. Mahaifinta da bakinsa ya ce ba ta san komai ba."

Na ce, "Mahaifin Terry ma da bakinsa ya ce rago ne."

Ya ce, "Ai wannan wasa ne. Kowa ya sani."

Na ce, "To na Malam Garba ladabi ne, mu ma kowa a cikinmu ya sani. Me ya sa kunnenka ya gane na wancan bai gane na wannan ba?"

Ya cire tabarau ya goge da gefen rigarsa, ya ce, "Kin ga, yaranku sun fi sakewa inda ba a matsa musu ba. Kuma ai gida za su koma. Yanzu da ƙasarku ta samu mai, ofisoshi za su yi ta buɗewa, za ku buƙaci sakatarori masu yawa. Alheri muka yi mata."

Wallahi sai da na riƙe gefen kujera. Ƙasar da take turo mutanenta su koyi tiyata da gina gada, ita ce wannan mutumin ya zauna a Plumstead yana tsara mata masu buga takarda. A nan na gane maganar Malam Garba ba ita ta jefa Safiya ajin tafireta ba. Wurin da za a sa ta an riga an tanada, maganar uban kawai ta zo musu a daidai. Na leƙa azuzuwan nan na ƙasa sau da yawa, na san kalar yaran da suka cika su.

Na haɗiye abin da ya zo bakina, na tambaye shi mafita. Ya ce idan uban ya dawo da kansa ya faɗi akasin abin da ya faɗa, kafin a kammala jadawalin darussan baɗi, zai sake dubawa.

Na nemi Safiya a lokacin hutun tara. Na ce mata ina nan ina ƙoƙari, kada ta karaya. Ta ce, "Ba komai, Miss. Typing ma is fine." Ba ta dube ni ba, ta wuce.

Ranar Asabar na hau bas na tafi flat ɗinsu, a saman wani shagon gyaran takalma. Matarsa, wadda muke kira Maman Kabiru da sunan ɗansu na biyu, ta tarbe ni da tuwon semolina da miyar busasshiyar kuɓewa da aka aiko musu daga gida. An aiki yaran shago. Bayan mun gaisa na zayyana wa Malam Garba abin da ake ciki. Ashe bai san ƙofa ce ta rufe ba. A zatonsa tafiretar ƙari ce a kan sauran darussa.

Ya yi salati ya ce, "To yanzu mene ne abin yi, Malama?"

Na ce, "Yallaɓai, za ka koma wurin mutumin nan ka gaya masa 'yarka tana da ƙwaƙwalwa, ka san za ta iya, kuma likita kake so ta zama."

Ya dube ni kamar na ce ya tuɓe a kasuwa. Ya ce, "Ni? In zauna gaban Bature in yabi yarinyar nan da bakina? Yabon kai jahilci ne, balle yabon ɗan cikinka. Mahaifina har ya koma ga Allah bai taɓa ce min sannu da ƙoƙari ba, ga ni nan ban lalace ba. Ke dai ki gaya musu, ai ke malamarta ce."

Na ce, "Na gaya musu, sun ce bakinka suke so."

Ya ce, "Ba tarbiyyarmu ba ce."

A nan haƙurina ya ƙare. Ya girme ni nesa ba kusa ba, a gidansa nake, tuwonsa na ci, amma na ce, "Yallaɓai, ka yi haƙuri da abin da zan faɗa. Jin kunyar mara kunya asara ce. Kai ka ba su amana, su sun ɗauka ka yar da ita. Kunyar nan taka kyakkyawa ce a Zariya, inda ake gane ta. A nan kuwa yarinyar ce za ta biya, ba kai ba."

Fuskarsa ta canza. Na zaci zai ce in tashi in bar masa gida. Sai Maman Kabiru ta yi magana daga bakin ƙofar kicin, ita da kunyarta ta fi tasa, domin ko kallon Safiya ba ta cika yi a gaban baƙi ba. Ta ce, "Malam, ka je. Yarinyar nan tun muna gida in kaza ta karye ita take ɗaure mata ƙafa da tsinke. Ka sani, na sani." Ta koma ciki.

Ya daɗe yana kallon tabarmar sallarsa da ke naɗe a lungu. Can ya ce, "Ki yi min booking, zan je."

Na kai saƙo, aka sa rana. Malam Garba ya nemi izini a wurin kwas ɗinsa, ya zo, aka ce masa Mista Pollard ya tafi wani taro. Da yamma ya bugo wa mijina waya ya ce, "Ka gaya wa Malama na je, an yi cancel." Na koma na roƙa, aka sa wata rana, aka sake ɗagawa. Sai a makon ƙarshe kafin dogon hutu aka ba shi lokaci. Ni kuwa ina gani da idona ana ta shige da fice da allon jadawali a ofishin mataimakin shugaban makaranta.

Ranar ya zo cikin babbar riga fara da hula, duk da zafin da ake yi. Aka ce Safiya ta jira a kan benci a waje. Saboda zafin, an buɗe ƙaramar tagar da ke saman ƙofa. Na zauna a gefe a matsayin malamar darasi.

Mista Pollard ya ce, "To, Mista Garba, ina sauraronka."

Malam Garba ya ɗora hannuwansa a kan gwiwoyinsa. Na ga gumi yana gangarowa daga ƙarƙashin hularsa. Sannan ya fara, idonsa a kan bango.

Ya ce, "Abin da na faɗa rannan al'adarmu ce, ba gaskiyar lamarin ba. Safiya..." Ya tsaya. Na tabbata tun ranar suna bai furta sunan nan a gaban mutane ba. Ya ci gaba. "Safiya ta fi ni ƙwaƙwalwa. Lissafin da nake kawowa gida daga kwas ɗina, takan leƙo ta bayana ta gane inda na kuskure, ni kuwa in yi kamar ban ji ba, in gyara bayan ta tafi. Ban taɓa ganin yaro kamarta ba, a nan ko a gida. Za ta iya. Ina roƙonka ka sa ta a ajin kimiyya."

Ya ja numfashi kamar wanda ya sauke buhun gero. Ni kaina sai da idona ya cika.

Mista Pollard ya yi murmushi ya ce, "Wannan magana ta burge ni ƙwarai. Kash, da ma ita ka faɗa tun farko. Jiya aka kammala jadawali, kuma kujerun ɗakin gwaji a ƙidaye suke, duk an cika su. Amma ka kwantar da hankalinka, yarinya mai basira irin wannan za ta yi fice a ajin kasuwanci."

Ban san lokacin da na miƙe ba. Na ce masa, sau biyu mutumin nan yana neman ganinka kana zillewa, sai da ka tabbatar bakin alƙalami ya bushe sannan ka kira shi. Na ce ka sa dattijo ya yi abin da ya fi masa komai wuya a duniya, alhali ka san ba abin da zai canza. Na ce in kujera ce matsalar, a ba ta tawa, ni a tsaye nake koyarwa. Ya bari na gama, sannan ya tuna min cikin sanyin muryar nan tasa cewa ina cikin shekarar gwaji, kuma yana daga cikin waɗanda za a tambaya game da halina.

Malam Garba ya tashi, ya gyara rigarsa, ya ce wa Mista Pollard ya gode. Har da godiya. Wannan godiyar ta fi komai ƙona min rai.

Da muka fito, Safiya tana tsaye a jikin ƙofa. Uban ya gan ta, ya ɗaga kai ya ga tagar a buɗe, ya gane ta ji komai. Ya kawar da fuska ya ce, "Ke, mu tafi," ya yi gaba da sauri. Ita ba ta motsa ba. Hawaye ya jiƙa mata wuyan riga, amma ba kukan rasa ajin kimiyya take yi ba. Ta kama hannuna ta ce, "Miss, ashe ya san na iya?"

Sai a lokacin na gane abin da ya sa ta ce tafireta ma ba komai. Yarinyar a London ta yi wayo. Ba ta zauna cikin kakanni da gwaggonni da za su ja ta gefe su ce mata ubanki yana ji da ke, kunya ce kawai ba. Abin da Bature ya ji ranar iyaye, ita ma shi ta ji, kuma ta yarda.

Na kai ƙara wurin shugaban makaranta, ya ce ba ya tsoma baki a hukuncin shugabannin azuzuwa. Malam Garba ya nemi wata makarantar a yankin, ko'ina aka ce an rufe ɗauka. Albashin ɗan kwas kuwa ba zai kai ga makarantar kuɗi ba. Safiya ta yi shekara biyu tana buga tafireta, ta zo ta ɗaya kamar yadda Mista Pollard ya faɗa. Da suka koma gida, takardar da ke hannunta ba ta buɗe mata ƙofar kimiyya a ko'ina ba. Ta yi aikin sakatariya a wata ma'aikata a Kaduna har ta yi ritaya. Ban raina aikin ba, da shi ta riƙe 'ya'yanta cikin mutunci. Amma ba ita ta zaɓa ba, kuma hannun nan da na gani a cikin zuciyar tunkiya ba don tafireta aka yi shi ba.

Ni na ƙarasa shekarata, aka tabbatar da ni da ƙyar, na ajiye musu aikinsu da muka tashi dawowa.

Abin da aikin nan ya koya min shi ne, mai raba yara yana jin abin da yake so ya ji. Kada ku ɗauka halin Turawa ne kaɗai. Na ga malamanmu a nan gida suna yi wa ɗan talaka da ɗan ƙauye irin wannan, uba ya yi tawali'u, su kuma su rubuta shi a matsayin shaida. Saboda haka idan uba ya zauna a gabanku ya ce yaronsa bai san komai ba, ku yi masa godiya, ku raka shi bakin ƙofa, ku dawo ku duba aikin yaron. Sannan ku kira yaron ku gaya masa da bakinku cewa ya iya, kuma ubansa ma ya sani. A gidansu kunya ba za ta bari kowa ya gaya masa ba.